Ginshiƙan Halitta: Hoton da Ya Fi Labarinsa Kyau

Da wuya a samu mai babbar waya a nan Sabo da hoton nan bai taɓa faɗowa cikin wayarsa ba. Wasu dogayen abubuwa ne guda uku, ruwan ƙasa, a tsaye kamar suri ko kamar yatsun hannu da aka miƙa sama, bayansu haske shuɗi-shuɗi da taurari birjik. Ana turo shi a zaurukan WhatsApp, yana cikin littattafan kimiyya da kalandu, yaranmu na sakandare sun san shi. Turawa suka raɗa masa suna Pillars of Creation, wato Ginshiƙan Halitta, kuma kusan kullum bayanin da ke biye da shi ɗaya ne: wai nan ne wurin da ake haihuwar taurari.

Maganar kyau, hoton ba shi da makusa. Matsalata da darasin da yake koyarwa ne. Wanda ya ƙura masa ido zai tashi da fahimtar cewa girgijen iskar gas na sararin samaniya miƙewa yake yi ya zama ginshiƙi, sannan tauraro ya ɓullo a ƙololuwarsa kamar yadda zangarniya ke fitowa a kan kara. Ba haka abin yake ba. Siffar girgije kam tana da hannu dumu-dumu wajen samuwar tauraro, amma siffar da ke yin wannan aikin ba ita ce a hoton nan ba.

Bari mu fara da yadda aka yi shi. Na'urar hangen nesa ta Hubble ce ta ɗauke shi ranar 1 ga Afrilun 1995, aikin masana biyu na jami'ar jihar Arizona a Amurka, Jeff Hester da Paul Scowen. Wurin wani ɗan yanki ne na Girgijen Gaggafa, wanda masana ke kira M16, mai nisan kimanin shekarar haske 6,500 daga gare mu. Shekarar haske awon nisa ne, wato tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Ginshiƙin da ya fi tsawo ya kai shekarar haske huɗu, kusan nisan da ke tsakanin ranarmu da tauraron da ya fi kusa da ita. Hubble ta sake ɗaukar wurin a 2014 da sabuwar kyamara, sannan a watan Oktoban 2022 na'urar James Webb ta fitar da nata, wanda shi ne ya fi yawo a wayoyi yanzu.

Wasu na sukar launin, suna cewa fenti ne. Ni dai ban ga laifi a nan ba. Gaskiya ne idon mutum ba zai ga wurin haka ba. A hoton 1995 an ba hasken haidurojin launin kore, na farar wuta aka ba shi ja, na iskar oksijin shuɗi, alhali na haidurojin da na farar wuta duka ja ne a zahiri. Da an bar su yadda suke da sun cakuɗe ba a bambance su ba. Wannan kamar mai taswira ne da ya shafa wa kowace jiha launinta, ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Inda aka kuskure shi ne tsayuwar da kuma sunan. A sararin samaniya babu sama babu ƙasa. Ginshiƙan nan ba tsayuwa suka yi ba, nuni suke yi. Dukkansu kawunansu na fuskantar wani gungun manyan taurari masu tsananin zafi da ake kira NGC 6611, waɗanda ke can gefe, an yanke su daga cikin hoton. Taurarin nan ba su fi shekara miliyan ɗaya zuwa biyu ba, jarirai ne a lissafin taurari, amma hasken da suke fesowa mai ƙuna ne, yana cinye gas ɗin da ke kewaye da su. Inda gas ya yi laushi ya riga ya ƙone ya watse. Inda ya yi kauri ya jure, kuma abin da ke bayansa ya fake a inuwarsa. Wannan inuwar ita ce ginshiƙin.

Duk wanda ya duba gefen kwazazzabo bayan ruwan sama mai ƙarfi ya san abin da nake nufi. Za ka ga 'yan tsirin ƙasa a tsaye, kowanne da ɗan dutse a kansa. Ba tsirowa suka yi ba. Ruwa ne ya zaizaye duk ƙasar da ke kusa, ya bar wadda dutse ya kare. To ginshiƙan nan haka suke, ragowar zaizaya ne. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Anna McLeod, da na'urar MUSE da ke ƙasar Chile, ta auna yadda suke ƙarewa: suna asarar gas mai nauyin rana 70 a duk shekara miliyan ɗaya, kuma abin da ya rage musu bai wuce nauyin rana 200 ba. Ka yi lissafi da kanka, saura musu kamar shekara miliyan uku. Babbar haihuwa an riga an yi ta a wurin, 'ya'yan ne yanzu ke rushe ɗakin da aka haife su.

Kada a ce na yi wa masu hoton rashin adalci. Hester da Scowen sun san wannan sarai, su ne ma suka bayyana shi. Sun gano wasu ƙananan curi-curi na gas a bakin ginshiƙan, guda 73, suka yi hasashen cewa a cikinsu akwai taurarin da ke kan hanya. Da Mark McCaughrean da Morten Andersen suka leƙa cikin curin nan da hasken ɗumi mai ratsa ƙura, sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna 11 ne kacal cikin 73 ke da alamar tauraro. Saboda haka ana haihuwa a wurin, ba a ce ba a yi ba, kuma hoton Webb ya nuna jajayen ɗigo-ɗigo a kan ginshiƙan, inda jariran taurari ke feso gas. Sai dai har yau masana na jayayya: shin matsin hasken manyan taurarin ne ya haddasa samuwar waɗannan ƙananan, ko kuwa dama suna nan a ciki, zaizaya ce kawai ta yaye musu mayafi? Hoton ba zai iya raba wannan gardama ba, bayanin da ake liƙa masa kuwa ko ambatonta ba ya yi.

To wace siffa ce ke haihuwa? Amsar da aka daɗe ana koyarwa ita ce dunƙule. Tun 1902 masanin Ingila James Jeans ya yi lissafin cewa abu biyu ne ke kokawa a cikin girgije. Akwai ƙarfin janyowa na nauyi, mai son tattara komai wuri guda, akwai kuma matsin gas da ɗuminsa, mai son bazuwa. Idan nauyi ya wuce wani mizani sai girgijen ya rufta cikin kansa, tsakiyarsa ta yi zafi har ta kama wuta. Daga nan aka samo zanen da ke cikin littattafai, girgije zagayayye kamar curin fura yana motsewa ya zama tauraro. Akwai ma irinsa a zahiri, kamar Barnard 68, wani baƙin dunƙule da ya toshe hasken taurarin da ke bayansa. Amma in da haka dukkan gizagizai ke yi da an shiga uku. Tun 1974 Ben Zuckerman da Neal Evans suka lura cewa idan duk gas mai sanyi da ke cikin gungun taurarinmu zai rufta kai tsaye, yawan taurarin da za a samu a shekara zai ninka na zahiri sau da dama. Abin da ake samu a zahiri bai wuce nauyin rana ɗaya zuwa biyu a shekara ba. Ashe akasarin gas ɗin zaman kashe wando yake yi. Wani ɗan kaso ne kawai ke aiki, kuma tambayar ita ce a ina yake.

Wadda ta ba da amsa mafi gamsarwa na'ura ce da ba ta yi suna a wayoyinmu ba. Sunanta Herschel, hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba ta a watan Mayun 2009, da madubi mai faɗin mita 3.5. Ita ba hasken taurari take kallo ba, ɗan ɗumin da ƙura mai sanyi ke fitarwa take kamawa. Sanyin wuraren nan ya kai digiri 263 ƙasa da sifiri. Kuma kalmar girgije kada ta ruɗe ka: a wuri mai girman ɗan dunƙulen magi, ƙwayoyin gas ɗin ɗaruruwa ne ko dubbai, alhali a iskar da muke shaƙa sun haura biliyan sau biliyan. Girman wurin ne ke tara nauyin.

Abin da Herschel ta gani a duk girgijen da ta duba shi ne igiyoyi. Dogaye, sirara, a harɗe da juna kamar saiwar bishiya ko komar masunta. An san da wasunsu tun da, an ma yi kundinsu a 1979, amma ba a zaci cewa ko'ina haka abin yake ba. Tawagar Philippe André ta Faransa ta kwatanta gizagizai biyu a 2010, kuma wannan kwatancen ya fi mini hoton ginshiƙai sau goma wajen koyarwa. Na farko yana wajen tauraron arewa, ana kiransa Polaris. Cike yake da igiyoyi, amma ba ya haihuwa. Na biyu, Akwila, shi ma igiyoyi ne, amma jikinsu duk curi-curi, jere kamar 'ya'yan carbi. Da aka kammala ƙidaya a 2015 sai aka ga kusan kashi 75 cikin 100 na curin da ke shirin zama taurari a Akwila a kan igiyoyi masu kauri suke zaune.

Me ya raba su? Nauyin igiyar a kowane taƙi na tsawonta. Lissafin ya girmi Herschel da kusan shekara hamsin, Jeremiah Ostriker ya yi shi a 1964. A irin wancan sanyi, idan igiya ta tara kamar nauyin rana biyar a kowace shekarar haske guda ta tsawonta, matsin gas ba zai iya riƙe ta ba. Igiyoyin Polaris ba su kai mizanin ba, da yawa na Akwila sun wuce shi.

A nan ne siffa ke nuna aikinta, kuma abin ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗauki gas iri ɗaya, sanyi ɗaya, ka ba shi siffa uku. Idan ya baje kamar faifai, matse shi ba ya ƙara ƙarfin janyowa tsakanin fuskokinsa biyu, amma yana ƙara matsin gas, don haka ko ba daɗe ko ba jima matsi zai ce ya isa haka. Faifai ba ya ruftawa ta kaurinsa, sai dai ya tsattsage ya zama igiyoyi. Idan dunƙule ne kuwa, da zarar ya fara motsewa ƙarfin janyowa na ƙaruwa fiye da matsi, babu birki. Igiya ita ce a tsakiya. Tana sirancewa, janyowa da matsi na ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ke tsere wa wani. Shi ya sa kaurinta ba shi ne alƙali ba, nauyin da ta ɗauka a tsawonta ne. Wadda ta wuce mizani sai ta fara yankewa gida-gida, kamar yadda ruwa ke taruwa ɗigo-ɗigo a kan igiyar shanya bayan an ɗauke ruwa. Kowane ɗigo ya zama dunƙule, kuma sai a lokacin ne zanen curin fura na littafi ya zama gaskiya. Wato littafin bai yi ƙarya ba, babin ƙarshe kawai ya ba mu ya bar na farko.

Mai son sanin inda irin wannan yake a sama, ya nemi Kaza da 'Ya'yanta a daren hunturu, in hasken gari da ƙurar hazo sun bari. Ɗan gabas da ita akwai girgijen Taurus, ɗaya daga cikin mafi kusa da mu, nisan kimanin shekarar haske 450. Ido ba ya ganinsa, baƙi ne. A cikinsa akwai wata igiya mai tsawon kusan shekarar haske 30 da ta sha bincike. A 2013 Álvaro Hacar, ɗan ƙasar Sifen, da abokan aikinsa suka nuna cewa ba igiya ɗaya ba ce, tufka ce ta ƙananan zarurruka 35, kuma ba duka ke haihuwa ba. Wasu ɗauke suke da curi da yawa, akasari kuwa fayau. A gefenta kuma ana ganin wasu siraran layuka da ke shigowa a gicciye, suna bin layin maganaɗisu, da alama ta nan gas ke kwararowa yana ciyar da ita. Na'urar Planck ta tabbatar da wannan tsari a gizagizai da dama: gas mara kauri yana kwanciya ne tare da layin maganaɗisu, mai kauri kuwa yana gitta shi.

Manyan taurari fa, irin waɗanda ke cinye ginshiƙan? Su a mararraba aka fi samunsu. Philip Myers ya bayyana tsarin a 2009: inda igiyoyi da yawa suka haɗu, gas na gangarowa daga kowane ɓangare ya taru a cibiya. Mutanenmu da ke sauke kaya a Mile 12 ba sa buƙatar dogon bayani. Hanya ɗaya ƙaramar kasuwa take ɗauka, inda hanyoyi biyar suka haɗu nan ne babbar kasuwa ke ci. Herschel ta ɗauki Girgijen Gaggafa shi kansa, an fitar da hoton a farkon 2012. A cikinsa sai ka nemi ginshiƙan kafin ka gan su, 'yan ƙanana a bakin wani makeken kogo da manyan taurarin suka rarake, gas mai sanyi kuwa yana can kewaye.

Sai dai fa labarin igiya ma ba a karɓe shi da ido rufe ba, kuma bai kamata a karɓa ba. A 2011 Doris Arzoumanian ta ba da rahoton cewa igiyoyin nan kusan kaurinsu ɗaya ne ko'ina, wajen sulusin shekarar haske. Magana ce mai daɗin ji, ta kuma bazu. Gina Panopoulou, 'yar ƙasar Girka, ta ƙalubalance ta a 2017, sannan a 2022 ta nuna cewa kaurin da ake aunawa yana ƙaruwa idan girgijen ya fi nisa, abin da ke sa a yi zargin cewa kaifin idon na'urar ma yana da hannu a sakamakon. Ɓangaren farko sun mayar da martani, gardama na nan. Haka kuma lissafi ya ce tazarar da ke tsakanin curi da curi ta zama kamar ninki huɗu na kaurin igiya, amma abin da ake gani sau da yawa ya fi haka matsuwa.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta girgijen Musca, can kudancin sama. Shekara da shekaru ana kafa misali da shi a matsayin cikakkiyar igiya, miƙaƙƙiya kamar sanda. A 2018 Aris Tritsis da Konstantinos Tassis suka yi nazarin siraran layukan da ke gefensa, suka ɗauke su a matsayin girgizar da ke ratsa girgijen, kamar yadda amon ganga ke gaya maka girmanta ko ba ka gan ta ba. Suka ce Musca faifai ne, mu ne muke kallonsa ta gefe. Riƙe faifai daidai idonka ta bakinsa, me za ka gani in ba layi ba? Akwai masanan da ba su gamsu ba. Amma ko yaya ta kaya, cikas ɗin a bayyane yake: duk hoton sama shafaffe ne, zurfinsa ba ya fitowa, kuma siffar da muke gani daga nan ba lallai ita ce siffar da ƙarfin janyowa ke aiki a kanta ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan cikas ya shafi ginshiƙan su ma. A hoto kamar a jere suke, gindinsu ɗaya. Awon MUSE ya nuna guntaye ne daban-daban, wani na gaba wani na baya, wasu sun karkato wajenmu wasu sun ba mu baya. A nan dole in yaba wa hukumar NASA. A watan Yunin 2024 ta fitar da wani ɗan gajeren bidiyo da aka gina a kan wancan awon, inda mai kallo ke ratsawa tsakanin ginshiƙan, ana sauya masa ido tsakanin na Hubble da na Webb. Cikin 'yan mintuna ya gyara abin da hoton ya shekara kusan talatin yana ɓatawa. Malaman kimiyya na makarantunmu, in za ku nuna wa yara wani abu, wannan ya fi. Abin da ya rage masa shi ne har yanzu a cikin ginshiƙan yake zagayawa, bai ja da baya ya nuna kogon da suke bakinsa yadda ya kamata ba.

Akwai kuma wani ƙarin gishiri da ke bin hoton a wasu saƙonni, wai ginshiƙan sun riga sun rushe tun shekara 6,000 da suka wuce, fatalwarsu muke gani. Asalinsa wani hasashe ne na 2007, daga awon na'urar Spitzer, cewa wani tauraro ya tarwatse a kusa. Bincike na baya bai goyi bayansa ba. Amma ka san halin labari mai daɗi, ya fi gyaransa saurin tafiya.

Dalilin da ya sa ginshiƙai suka yi suna igiyoyi ba su yi ba, ba boyayye ba ne. Abin da haske ke ƙonawa yana da baki mai kaifi da inuwa, yana ɗaukar ido. Abin da ke cikin duhu da sanyi kuwa sai na'urar da aka sanyaya ta fi shi sanyi, hotonta kuma dishi-dishi yake fitowa, domin irin wannan hasken dogon zango gare shi. Herschel da ruwan hiliyom ake sanyaya ta, lita fiye da 2,000 ta tafi da shi, ya ƙare ranar 29 ga Afrilun 2013, aikinta ya tsaya nan. Webb, duk da ƙarfinta, ba ta kaiwa zangon da ƙura mai wancan sanyi ta fi haskawa. Masu binciken igiyoyi yanzu da taskar da Herschel ta bari suke aiki, sai kuma na'urorin ƙasa irin ALMA, faranti 66 a kan tsaunin hamadar Atakama ta Chile, masu iya leƙa cikin curi ɗaya-ɗaya amma ba sa iya share faɗin sama kamar yadda ta yi.